Burodin Talaka Da Ya Zama Abincin Biki A Ƙasar Ailan

Duk wanda dare ya yi masa a wani ƙauye na kudancin ƙasar Ailan ran 16 ga watan Maris, ya kwana a gidan manomi, ba ƙarar agogo ce za ta tashe shi da asuba ba. Ƙanshi ne zai tashe shi. Tun gari bai gama wayewa ba uwargida ta riga ta shiga madafa, ta tankaɗe gari, ta kwaɓa shi da nono mai tsami, ta sa a wuta. Kafin yara su gama wanke ido burodi ya nuna, an fito da shi an kife a bakin taga yana huci, ga tsaga biyu a bayansa sun gitta juna. Wannan rana da ta waye, watau 17 ga watan Maris, ita ce babbar ranar bikin ƙasar, ranar tunawa da Waliyyi Fatirik. Burodin nan kuwa shi ne wanda duniya ta sani da sunan burodin soda na Ailan.

Wanda ya gan shi a kan tebur ba zai ɗauke shi a bakin komai ba. Ba shi da sukari, ba ƙwai, ba yis. Abubuwa huɗu kaɗai ake haɗawa: garin alkama, gishiri, nono mai tsami, da wani farin gari da ake kira soda. Amma masu iya magana sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Wanda ya bi sawun abubuwan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, to, zai zagaye ƙasar Ailan kaf, ya kuma ji labarin wahalar da mutanenta suka sha.

Ƙasar Ruwa Da Ciyawa

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, a bakin Tekun Atalantika. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 84,000, watau ya ɗan ɗara Jihar Neja. Tun 1921 aka raba shi biyu. Larduna 26 na kudu da yamma suka zama ƙasa mai cin gashin kanta, wadda ta zama jamhuriya a 1949, hedkwatarta Dablin. Larduna 6 na arewa kuwa suna tare da Birtaniya har yau, babban birninsu Balfas.

Matafiyin da ya hau jirgin ƙasa daga Dablin ya nufi birnin Kok a kudu, tafiyar kamar awa biyu da rabi, abin da zai fara lura da shi shi ne koren ƙasa. Ko'ina ya duba ciyawa ce shar, an yayyanka filaye da shinge ko katangar duwatsu, shanu farare da dabbare-dabbaren baƙi suna kiwo ba makiyayi. Babu rani irin wanda ke ƙone ciyawa, domin iskar teku tana kawo yayyafi kusan kowane wata. Mutanen ƙasar sukan yi wa kansu ba'a, su ce a wuni guda mutum yana iya ganin damina da ɗari da bazara.

Wannan ruwa da ya yi wa saniya rana, shi ne ya yi wa alkama dare. Alkamar da ke nuna a ƙasa mai sanyi da laima irin wannan takan fito da taushi, ba ta da danƙo sosai. Shi kuwa burodin yis sai da alkama mai danƙo, irin ta Kanada da tsakiyar Amurka, domin danƙon ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa a hankali har ƙullu ya kumbura. In aka kwaɓa garin Ailan da yis, sai burodin ya fito a daskare. Saboda haka shekaru aru-aru talakan ƙasar bai dogara ga burodin alkama ba. Abincinsa fate ne da waina na hatsin dawaki, da nono, daga baya kuma dankalin Turawa.

Man Shanu Ya Tafi, Tsala Ta Zauna

A birnin Kok, in mutum ya haye Kogin Lee ya hau tudun unguwar Shandon, zai tarar da wani tsohon gini mai ginshiƙai kusa da hasumiyar majami'a. Nan ce tsohuwar kasuwar man shanu, wadda aka kafa a 1770, ta yi ta ci har aka rufe ta a 1924. A ƙarni na 19 ba ta da na biyu a duniya. Daga tsaunukan Lardin Keri manoma ke ɗora ƙananan gangunan katako cike da man shanu a kan dawaki da amalanke, su yi kwana da kwanaki a hanya. In sun iso, ma'aikatan kasuwa su ɗanɗana, su ba kowace ganga daraja, a ƙara gishiri, a loda a jiragen ruwa zuwa Ingila da tsibiran Karibiyan da Barazil, har da Ostareliya. Yanzu akwai ɗan gidan tarihi na man shanu a wurin, inda baƙo zai ga gangunan da kayan kaɗa nono.

Man shanu kuɗi ne, da shi ake biyan hayar gona. Saboda haka ba kasafai manomi ke barin shi a gida ba. Abin da ke saura bayan an kaɗa nono an kwashe mai, watau tsala, ita ce rabon iyali. A sha ta da dankali, a ba maraƙi, a ba alade, amma duk da haka ba ta ƙarewa. Kowane gida mai saniya ko da guda ce, ba a rasa tulun tsala a lungun ɗaki. To, ga gari marar danƙo, ga tsala mai tsami. Saura abu guda da zai haɗa su aure.

Abin nan shi ne soda. Ga mai karatu ba baƙuwa ba ce can, domin 'yar'uwar kanwa ce. Sinadarin da ke cikinta yana cikin ungurnun da fatake ke kawowa daga yankin Tafkin Cadi, sai dai ita a masana'anta ake tace ta, ta fito fara fat kamar gishiri mai laushi. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a kan abu mai tsami ta ga yadda yake kumfa. Haka soda ke yi in ta haɗu da tsamin tsala: nan take sai iska ta tashi a cikin ƙullu, ta huhhura shi. Da yake tashin na gaggawa ne, ba ya bukatar danƙo mai yawa, sai ma garin mai taushi ya fi dacewa. Abin da ya zama aibi ga yis, sai ya zama alheri ga soda.

Ba mutanen Ailan ne suka fara wannan dabara ba. A Amurka tun kafin 1800 ana amfani da gishirin toka wajen kumbura ƙullu. Amma da masana'antun Turai suka fara sayar da soda da araha, sai ta sami gida a Ailan. A 1836 wata jarida ta garin Newry, a arewacin tsibirin, ta buga bayanin yadda ake yin burodi da garin alkama da soda da tsala, kuma wannan yana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da aka samu a kan burodin.

Shekarun Baƙar Yunwa

Shekara tara bayan haka masifa ta sauka. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma kamar miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali. Ƙato guda mai aikin gona yana iya cin kilo 6 a wuni. Mafi yawan filaye na hannun manyan masu ƙasa ne, da yawansu suna zaune a Ingila. Talaka ɗan haya ne, yana noma hatsi da kiwo don biyan haya, ya shuka dankali a ɗan sauran fili don cikinsa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin. Ganye ya yi baƙi, in an tona ƙasa sai a tarar da ruɓa mai wari. A 1846 cutar ta dawo ta fi ta bara muni. Daga nan har wajen 1852 mutum kusan miliyan 1 suka mutu, wasu da yunwa, wasu da zazzaɓi da atuni, kuma fiye da miliyan 1 suka bar ƙasar. Abin takaici, a cikin waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da shanu da man shanu daga tashoshin ƙasar ba.

Gwamnatin Firayim Minista Robert Peel ta sayo masara daga Amurka ta fam 100,000. Mutane ba su san ta ba, ba su iya niƙa ta ba, ba su iya dafa ta ba, da fari har ciwon ciki ta riƙa sa su. Sannu a hankali suka koyi haɗa garinta da na alkama su yi burodi mai launin rawaya, wanda tsofaffi suka daɗe suna tunawa da shi a matsayin abincin wahala.

Wanda ke son ganin tabon wannan zamani da idonsa, sai ya bi hanyar yamma daga Kok zuwa garin Skibbereen. A bakin kogi, wajen gari, akwai tsohuwar maƙabarta. A tsakiyarta wani fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa ta rufe shi, ba duwatsun suna. A ƙarƙashinsa mutum tsakanin 8,000 da 10,000 ne ke kwance, an zuba su a ramuka ba akwati, ba likkafani. A gabas da Kok kuma akwai tashar jiragen ruwa ta Cobh, inda mutum wajen miliyan biyu da rabi suka hau jirgi tsakanin 1848 da 1950, mafi yawansu ba su sake ganin gida ba. Har yau tsibirin bai koma yawansa na da ba: ƙidayar 2022 ta sami mutum miliyan 5.1 a Jamhuriya, ta 2021 ta sami miliyan 1.9 a arewa.

Waɗanda suka rayu sun ɗauki darasi, cewa ba a rataya rai ga amfanin gona guda. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 garin alkama ya yi araha, kantunan ƙauye suka fara sayar da soda da ganyen shayi, sai burodin soda ya shiga kowane gida. Ba ya bukatar tanderu, ba ya bukatar jiran ƙullu ya kwana, ba ya bukatar zuwa gidan burodi da kuɗi a hannu.

Yadda Ake Yin Sa

A da, murhun gidan manomi a tsakar ɗaki yake, jikin bango, kuma ba a barin wutarsa ta mutu dare da rana. Da yake itace ya yi ƙaranci, makamashinsu wata baƙar ƙasa ce ta fadama, ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru, wadda ake yankowa kamar tubali a shanya ta bushe. Tana ci a hankali, da hayaƙi mai ƙanshi. A kan wannan wuta ake rataya tukunyar ƙarfe mai faɗin gindi da murfi. A sa ƙullu a ciki, a rufe, a ɗebo garwashi a ɗora a kan murfin, wuta ta ci ta sama da ƙasa. A ƙauyen tarihi na Bunratty, kusa da filin jirgin sama na Shanon, da gonakin gargajiya na Muckross a Lardin Keri, har yanzu baƙo yana iya tsayawa a bakin irin wannan murhu ya ga mata suna gasa burodi kamar yadda kakanninsu suka yi.

A madafar zamani ma hanyar ba ta sake ba, sai dai wutar. Uwargida za ta auna gari giram 450, ta zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, soda ma cokali ɗaya a shafe, ba tozo. Ta tankaɗe su tare, domin in soda ta dunƙule wuri guda sai ta bar tabo rawaya mai ɗaci. Ta yi rami a tsakiyar garin, ta zuba tsala kamar mililita 400. Sa'an nan ta buɗe yatsunta ta riƙa juyawa daga tsakiya zuwa gefe, har gari ya haɗe. A nan gwaninta take. Ba a murza wannan ƙullu, ba a kirɓa shi. Daga lokacin da tsala ta taɓa soda aiki ya fara, kuma duk jinkiri ko yawan taɓawa asarar iska ce. Wadda ta saba, cikin minti biyu ko uku ta gama. Ta juye a kan tebur mai barbaɗin gari, ta tattara shi ya yi kewaye kamar faifai, kaurinsa kamar yatsu biyu ko uku, ta tsaga shi da wuƙa, ta sa a tanda mai zafin digiri 230. Bayan minti 15 ta rage wuta zuwa 200, ta bar shi kamar rabin awa. In ta fito da shi sai ta juya shi ta ƙwanƙwasa gindinsa. Idan ya yi ƙara kamar ganga, ya nuna. Mai son ɓawo mai taushi sai ta naɗe shi da tsabtataccen ƙyalle tun yana da zafi.

Game da tsagar nan biyu, kowa da abin da zai gaya wa baƙo. Masu addini su ce alamar gicciye ce, don a sa wa abinci albarka. Tsofaffin ƙauye su ce ƙofa ce ake buɗe wa mutanen ɓoye su fita, kada su ɓata burodin, har wasu mata kan ƙara soka bakin wuƙa a kowace kusurwa huɗu saboda haka. Masu koyar da girki kuwa su ce tsagar tana ba zafi hanya ya kai tsakiya, ta kuma sa a iya ɓara burodin gida huɗu da hannu. Uwargida ba ta gardama da kowa, tsagawa kawai take yi kamar yadda ta ga uwarta na yi.

Akwai fari, akwai kuma ja wanda ake yi da garin da ba a cire dusarsa ba, shi ne ma aka fi ci yau da kullum, da man shanu da miya ko kifi mai hayaƙi. A arewa, wajen Balfas, ba a cika sa shi a tukunya ba. Sai a faɗaɗa ƙullun, a yanka shi gida huɗu, a gasa a kan kaskon ƙarfe, a juya. Shekaru talatin aka yi ana zub da jini a wannan yanki tsakanin masu son zama da Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriya, har aka yi sulhu a 1998. Amma ko a lokacin da rikici ya fi tsanani, abin da ke kan kasko da safe a unguwannin ɓangarorin biyu iri ɗaya ne.

Ranar Biki

Shi Fatirik da ake bikin dominsa ba haifaffen Ailan ba ne. A Birtaniya aka haife shi, a ƙarshen zamanin mulkin Rumawa. Yana ɗan shekara kamar 16 mahara suka kama shi suka kawo shi Ailan bawa, ya yi shekara shida yana kiwo, ya gudu, daga baya kuma ya dawo da ƙafarsa yana wa'azin addinin Kirista, a ƙarni na 5. Tun 1903 ranarsa ta zama ranar hutu bisa doka. Da yake tana faɗowa a cikin azumin Kirista na kwana 40, lokacin da mutane kan ƙaurace wa kayan daɗi, sai aka ɗauke ta ranar sassauci. Shi ya sa a wannan rana uwargida kan buɗe hannu, ta zuba zabibi da ɗan sukari, wani lokaci har da ƙwai, a cikin ƙullun da kullum ba ya ganin ko ɗaya.

Da hantsi sai a fito, kowa ya maƙala ɗan tsiro mai ganye uku a ƙirjin riga, a tafi majami'a. Daga nan a tsaya bakin titi a kalli jerin gwano. A Dablin abin ya zama gagarumin biki na kwanaki tun 1996, amma a ƙananan garuruwa 'yan makaranta ne da masu busa da taraktocin manoma ke wucewa, sau da yawa cikin yayyafi. A koma gida a ci kabeji da dankali da nama, a yanka burodi, a ɗora butar shayi.

Abin mamaki shi ne, manyan jerin gwanon ba a Ailan suka fara ba. Birnin Niyu Yok yana yin nasa tun 1762, Shikago kuwa tun 1962 take rina koginta kore. Jikokin waɗanda yunwa ta kora sun tarar da sukari da man shanu da araha a Amurka, sai suka riƙa cika burodin da su, har ya koma kamar kek. Idan ɗan Amurka ya zo ganin ƙauyen kakanninsa aka ajiye masa burodi na ainihi, yakan yi mamakin rashin zaƙinsa. Su kuma 'yan gida su yi murmushi, don sun san na talaka ne na asali, na zaƙin kuwa na wanda ya fita ya samu ne.

Bikin bai tsaya a Amurka ba. A 1961 aka ayyana Waliyyi Fatirik a matsayin waliyyin Katolikan Nijeriya, saboda yawan limamai da malamai 'yan Ailan da suka yi aiki a ƙasar. Matan zuhudu na ƙungiyar St Louis sun iso Kano a 1948, makarantar da suka kafa tana nan har yau. Daga baya hanyar ta juya, dubban 'yan Nijeriya suka koma Ailan da zama, har ɗayansu, Rotimi Adebari, ya zama magajin garin Portlaoise a 2007.

Abin Da Ya Saura

Tun 1946 aka fara kai wutar lantarki ƙauyukan Ailan, kuma cikin shekaru talatin murhun tsakar ɗaki ya ba tanda wuri. Manoma sun daina kaɗa nono a gida, madara tana tafiya kamfani a tanka, tsalar da ake saye a kanti kuwa ta masana'anta ce. A 2022 gwamnati ta taƙaita sayar da baƙar ƙasar fadama, saboda hayaƙinta da kuma ɓarnar da haƙarta ke yi. Burodin leda mai yanka-yanka ya cika kantuna, ga shi yana kwana huɗu bai bushe ba, alhali na soda in ya kwana biyu ya ƙandare. Mace mai fita aiki da sassafe ba kullum take da sukunin kwaɓa gari ba.

Duk da haka burodin bai mutu ba. A 1983 Darina Allen da ɗan'uwanta Rory O'Connell suka buɗe makarantar koyon girki ta Ballymaloe a gabashin Lardin Kok, inda ɗalibai daga ƙasashe da yawa ke koyon sa tun a kwanakinsu na farko. Manyan otal-otal ma yanzu da shi suke tarbar baƙi. Amma inda ya fi samun mafaka shi ne a ranakun biki, lokacin da 'ya'ya da jikoki ke dawowa daga Dablin da Landan da Bostan. A irin wannan safiya kaka takan jawo jikarta gaban kwano, ta hana ta ma'auni, ta ce ta sa hannu ta ji laushin ƙullu da kanta. Yarinya ta juya, gari ya manne mata a yatsu, ta so ta murza, kaka ta riƙe mata hannu. Sa'an nan ta miƙa mata wuƙa ta yi tsagar.

Na farko ba ya yin kyau. Ko soda ta yi yawa ya yi ɗaci, ko tsakiya ta ƙi nuna. Amma ba a zubar da shi. A yanka a shafa man shanu, kowa ya ci, domin a gidajen da kakannin kakanni suka ga shekarar 1847, zubar da burodi abin kunya ne har gobe.